Zare: Makarantar da ta yaye shugabanni biyar, da ajinmu da ba shi da malamin Fiziks

1/ Sati uku ke nan ana rigima a guruf ɗin 'yan ajinmu na sakandare, har mutum huɗu sun fita. Rigimar ce ta kai ni wani tsohon gini a cikin birnin Katsina, na dawo da abin da ya hana ni sakat. Zaren da tsawo, a yi haƙuri. 🧵

2/ Bari in fara da makarantarmu. Ba zan kama suna ba. Ta gwamnati ce, jeka-ka-dawo, irin wadda kowa ya sani: aji cike maƙil, wanda ya makara ya zauna a taga. Ba mu taɓa fitar da gwamna ko minista ba. Babban abin taƙamarmu wani Alhaji ne mai gidan mai biyu.

3/ Shekara biyar da gamawarmu, sai aka ce a yi taron tsofaffin ɗalibai bayan Sallah. Aka yanka dubu biyar-biyar. Ma sha Allah, an tara abin da ba mu zata ba, don akwai waɗanda Allah ya buɗa wa da wuri. Wasu ma sun ninka abin da aka yanka.

4/ Shawarar shugabannin guruf ita ce a kama hol, a ɗinka riguna masu tambarin makaranta, a kira mai hoto, a yi wa ƙofar makaranta fenti, a kafa allo da sunayenmu. Wani ya rubuta: "Mu ma a san da mu, kamar yadda aka san 'yan Barewa."

5/ Ni kuma na ce a'a, a ɗauki malamin Fiziks na wucin gadi a riƙa biyansa. Dalilina: tun muna SS2 malaminmu ya yi ritaya, ba a kawo wani ba. Da ɗan bautar ƙasa muka ƙarasa, shi ma bai cika shekara da mu ba. Ƙanena yana SS2 a can yanzu. Har yau kujerar babu kowa.

6/ Amsar da na samu: "Ai dama kai malanta kake karantawa, neman wa kanka aiki kake 😂" Aka bi shi da dariya kusan ashirin. Na ajiye wayar. Wallahi ta yi mini zafi, kuma zafin ba don ƙarya aka yi mini ba ne.

7/ Likitanci na nema. Makin JAMB bai kai ba, kuma Fiziks ɗin da ba a koya mana ba shi ya fi ja na ƙasa. Ku ji ikon Allah: kwas ɗin da na samu shi ne koyar da Fiziks. Shekara uku in aka tambaye ni me nake karantawa sai in ce "Fiziks", in haɗiye sauran.

8/ Da dare na kai wa kakana ƙara. Baba Tsoho muke ce masa. Tsohon hedimasta ne na firamare, mai shaidar malanta ta Gired Tu, ya fi shekara talatin yana shaƙar alli. Abokin wasana ne, kullum cewa yake na gaji rowar kakata.

9/ Ya saurare ni har na gama, ya ce: "Kai malalaci, Barewar da suke kira ɗin, ka san me aka gina ta ta yi?" Na ce: "Ai makarantar shugabanni ce, Baba Tsoho." Ya yi dariya har da tari. Ya ce: "Gobe da hantsi ka aro babur ɗin ubanka."

10/ Ya sa na kai shi tsohon ginin Kwalejin Katsina. Kunya ta kama ni, don a garin nan aka haife ni, na kai baƙi hasumiyar Gobarau ya fi sau biyar, amma ban taɓa taka wannan wuri ba. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, ba wani ƙawa. Tun kafin 'yancin kai aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa.

11/ Ya dafa bangon ya ce: "To ga Barewa nan." A nan aka fara, a 1921, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Gwamnan Najeriya na lokacin, Hugh Clifford, ya zo ya yi bikin buɗewa a 1922. Kuma sunanta na farko shi ne abin lura: kwalejin HORON MALAMAI.

12/ Abin da ya sa kuwa, Turawa sun buɗe makarantun boko a lardunan Arewa, tun daga wadda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fara a Nasarawar Kano a 1909. Amma babu 'yan ƙasa isassu da za su koyar. Sai aka riƙa tsamo yara masu ƙwazo daga larduna, a kawo su Katsina su yi shekara biyar, su koma gida su riƙe aji.

13/ Daga nan makarantar ta yi ta ƙaura tana sauya suna:
1938, ta koma Kaduna, ta zama Kwalejin Kaduna.
1949, ta koma Zariya.
1956, ta zama Kwalejin Gwamnati ta Zariya.
1971, aka raɗa mata Barewa, dabbar da ke tambarinta.
Tana nan har yau a kan titin Gaskiya.

14/ Ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta, BOBA, tun 1939 aka kafa ta a Kaduna. Wato ta girmi Najeriya mai 'yanci da shekara 21. A 2021 makarantar ta cika shekara 100.

15/ Jerin da kowa ya haddace kuma shi ne: Abubakar Tafawa Ɓalewa, Yakubu Gowon, Murtala Muhammad, Shehu Shagari, Umaru Musa 'Yar'aduwa. Mutum biyar da suka riƙe ƙasar nan. Ga Sardauna Ahmadu Bello, Firimiyan Arewa. Duk wanda ya ji wannan dole ya jinjina.

16/ Amma Baba Tsoho ya ce in sake bin jerin, wannan karon in tambayi kowanne: da ka fita daga makarantar nan, ina ka fara zuwa? Na zauna da waya da littattafan da ke ɗakinsa na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga abin da na tarar.

17/ Ahmadu Bello ya gama a 1931. Bai wuce ko'ina ba sai Midil ta Sakkwato, yana koyarwa, har 1934 da aka naɗa shi hakimin Rabah. Wasan fayis da aka san shi da so, a Katsina ya buga shi yana ɗalibi. Har gobe ana buga wasan a garin nan.

18/ Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933, ya koma Midil ta Bauchi yana koyarwa, har ya zama hedimasta. Tafiyarsa Landan a 1945 ma ƙarin ilimin malanta ya je yi. Turancin nan da ake ta yaɗa bidiyonsa ana cewa "ji murya", a gaban allo aka goge shi.

19/ Shehu Shagari ya yi Kwalejin Kaduna, ya koma Midil ta Sakkwato yana koyarwa, daga baya ya zama hedimasta a Argungu. Kashim Ibrahim, wanda ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962, malami ne a Barno. Aliyu Makaman Bida malami ne kuma hedimasta a Bida kafin ya zama ministan ilimi.

20/ Malam Aminu Kano ya gama Kwalejin Kaduna a 1942, aka tura shi Midil ta Bauchi, inda ya tarar da Tafawa Ɓalewa. Ku duba fa: wanda zai ja NEPU da wanda zai zama jigo a NPC, makaranta ɗaya suke koyarwa. Kafin NEPU ma, ƙungiyar malaman Arewa Malam ya tsaya aka kafa.

21/ A Bauchin nan, su biyu da Sa'adu Zungur, wanda shi ma ya yi Katsina, suna cikin masu zaman tattaunawa kan mulkin En'e da halin da talaka ke ciki. Siyasar Arewa da muke ta musu a kanta a nan kullum, wani babban reshenta daga hirar malaman makaranta ya tsiro.

22/ Ko na baya-bayan nan, Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya yi babbar sakandare a Barewa, digirinsa na ABU a fannin koyar da Kemistiri ne, kuma ya yi shekaru yana koyarwa kafin kasuwanci da siyasa. Da na ga wannan sai da na tashi zaune. Ɗan uwan kwas ɗin da nake ɓoyewa ne fa.

23/ Gowon da Murtala su soja suka tafi, don lokacinsu makarantar ta riga ta zama sakandare sosai a Zariya. Wato cikin biyar ɗin nan, uku malamai ne. Da Sardauna, huɗu cikin shida.

24/ Ga wani abin kuma. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin littattafai biyar da aka buga, uku daga mutanen Kwalejin Katsina suka fito.

25/ Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya gama a 1932 yana koyarwa a Midil ta Katsina. Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa. Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda shi malami ne a kwalejin kanta. Imam ɗin ne ya zo ya rubuta Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

26/ Wato ƙagaggen labarin Hausa da boko, wanda yau muke karanta jikokinsa a waya, malaman makaranta ne suka yi masa wankan jego, bayan an tashi daga aji. A Barewa akwai gidan kwanan ɗalibai mai sunan Bello Kagara. Sunan malami, ba na gwamna ba.

27/ Kada wani ya ce na zo wanke Turawa. Ba don Allah suka gina ta ba, ma'aikatan da za su riƙe musu mulki suke nema. Ɗaliban 'yan kaɗan ne ga yanki mai faɗin Arewa. Babu mace ko ɗaya. Da yawansu 'ya'yan sarakuna ne da masu riƙe da En'e, duk da akwai irin su Ɓalewa da ba 'ya'yan sarki ba.

28/ Kuma ƙarancin nan yana cikin sirrin sunan da suka yi. Da siyasa ta zo, aka duba wa ya iya Turanci, wa ya san lissafi, wa zai zauna da Turawa da 'yan Kudu a teburi. Su ɗin ne dai. Sai aka kwashe su daga aji zuwa majalisa. Ba wani tsafi a bangon.

29/ Saboda haka duk mai cewa makarantarmu ta zama Barewa, yana neman abin da zamaninsa ya wuce. Yau sakandare ta cika ko'ina, alhamdulillahi. Ba za a sake samun aji ɗaya da zai raba muƙaman Arewa a tsakaninsa ba, kuma bai ma kamata a samu ba.

30/ Na faɗa wa Baba Tsoho haka, ina jin na ƙure shi. Ya ce: "Ka yi rabin karatu. Waɗanda ka lissafa su ne suka bar aji. Ina waɗanda suka zauna?" Na yi shiru, don ban da sunan ko ɗaya.

31/ Ya ce hedimastan da ya koya masa a babbar firamare, wani tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina ne ya koyar da shi a Midil. Mutumin bai zama minista ba, bai zama ɗan majalisa ba. Ya yi ta koyarwa har ƙarfinsa ya ƙare, aka rufe shi a garinsu. Ba titi, ba allo.

32/ "Shi ya koya wa malamina. Malamina ya koya mini. Ni na koya wa ubanka a aji uku, na zane shi a kan jadawalin bakwai. Ubanka ya koya maka baƙi da wasali a zaure. To kai ɗin nan da kake ganin ba ka da alaƙa da ginin nan, jikansa ne na huɗu."

33/ Wallahi sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Na juya ina kallon bango kamar ina duba wani abu. Ya gane, ya ce: "Kukan me? Rowar hawaye ma ba ka iya ba?" 😅

34/ A hanyar dawowa ya ƙara da wata. Ya ce a 1976 da aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE, yara suka cika makarantu, aka rasa malamai, aka riƙa horar da mutane cikin gaggawa ana tura su aji. "Gini ba ya wuya, ɗan nan. Wata shida an gama. Malami ne ke cin shekaru."

35/ Daren nan na rubuta dogon saƙo a guruf. Na sa musu jerin nan duka. Na ce in dai Barewa za mu kwaikwaya, mu kwaikwaye ta daga tushe: ta fara ne da samar da wanda zai tsaya gaban allo. Sunayen daga baya suka zo, kuma ba a jikin ƙofa aka fara rubuta su ba.

36/ Ba zan yi muku ƙarya in ce kowa ya tafa ba. Wani ya ce biyan malami aikin gwamnati ne, in muka ɗauka mun koya mata lalaci. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, na yarda. Amma na ce masa ƙanena zai zauna WAEC baɗi, ba zai jira a gama wannan muhawarar ba.

37/ Wata 'yar ajinmu da ke karatun jinya ita ta raba gardamar. Ta ce ita ma sai da ta sake zama jarrabawa saboda Fiziks, babanta ya sayar da tunkiya ya biya mata kuɗin darasi. Ta ce: "Wanda bai da tunkiya fa?" Guruf ya yi tsit kusan awa ɗaya.

38/ Aka kaɗa ƙuri'a. An soke hol da riguna. Za a haɗu a harabar makaranta, a ci shinkafa a kan benci. Abin da ya rage zai biya malami na zango biyu. Mun je mun ga shugaban makarantar, ya ce a kawo masa a rubuce ya kai sama. Mutum huɗu sun fita daga guruf, ɗaya ya karɓi kuɗinsa.

39/ Zango biyu ne kawai, na sani. Bayan nan ban san inda za mu samo ba. Mun rubuta takarda zuwa ma'aikatar ilimi, mun kuma fara neman 'yan ajin da suka gabace mu. Har Alhajin mai gidan mai an ba mu lokacin ganinsa. A taya mu da addu'a.

40/ Sai nawa ɓangaren. An ba mu fom na zuwa koyarwar gwaji, kowa ya rubuta makarantar da yake so. Da niyyata in sa wata mai zaman kanta kusa da gida, mai fanka da yara ashirin a aji, har ana ɗan ba da na mai. Fom ɗin ya kwana uku a jakata.

41/ Jiya na cike shi. Makarantarmu na sa. Zan shiga ajin da na zauna a tagarsa, in tarar da ƙanena a ciki. Ya riga ya gargaɗe ni: "Yaya, don Allah kar ka kira sunana a gaban mutane." Shi zan fara tambaya, in sha Allahu.

42/ Ban yi wa kowa alkawarin zan mutu ina malanta ba. Na san albashin, na ga yadda Baba Tsoho ke lissafin fansho da yatsu kafin wata ya raba. Zan so in yi aure, in riƙe iyayena. Wannan tsoron yana nan, ziyarar gini ɗaya ba ta kore shi ba.

43/ Abin da ya sauya dai, shekaranjiya wani abokin babana ya tambaye ni me nake karantawa. Na ce: "Koyar da Fiziks, Baba." Duka na faɗa, ban haɗiye komai ba. Ya ce: "Allah sarki, Allah ya kawo mafita." Na ce amin, na yi dariya a raina.

44/ 'Yan Barewa, da na Rumfa, da Alhudahuda, da Keffi, da sauran masu dogon tarihi: Allah ya ƙara ɗaukaka. Amma in kun tashi jero gwamnoni da janar-janar, ku sa mana da sunan malaman da suka zauna. Ku tambayi dattawanku tun suna raye, su suka san su.

45/ Mu kuma 'yan jeka-ka-dawo, tarihinmu ba a rubuta shi ba tukuna, ba wai babu ba ne. Ni ko shekarar da aka buɗe makarantarmu sai satin nan na je na tambaya. Tsohon maigadi ne ya ba ni labari, ya fi kowa sani, har inda bishiyar farko take ya nuna mini.

46/ Tambayata biyu: wane malami ne ya tsaya maka a sakandare, kuma yaushe rabonka da ka neme shi? Sannan wane darasi ne ba shi da malami a makarantarku yau? In ba ka sani ba, kira ƙaninka ka tambaya.

47/ Baba Tsoho ya ce in na sa zaren nan in karanta masa abin da mutane suka ce. Don haka a yi a hankali da baki, tsohon hedimasta ne, har yanzu bulalarsa tana bayan ƙofa. Allah ya jiƙan malamanmu da suka rigaye mu, ya sa albarka ga waɗanda ke raye. 🤲🏾